Ba Sammu Ba Ne Ke Mayar da Ita

Idan mace ta yi yaji karo na uku da kumburarriyar fuska, aka kuma wayi gari ta koma ɗakinta da ƙafarta, maganar unguwa ba ta wuce biyu. Wasu su ce ba ta da zuciya, wasu su ce ai ya shanye ta. Akwai iyayen da har kuɗi suke kashewa wajen neman makari. Alhali igiyar da ta ɗaure yarinyar nan a fili take, kuma an daɗe da gano yadda ake tufka ta.

A 1981 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, Donald Dutton da Susan Painter, suka yi bayanin irin shaƙuwar da ke shiga tsakanin mai cuta da wadda yake cutarwa. Sun ce abu biyu ke haifar da ita: ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba, sannan cutar ba kullum take zuwa ba, ana sirka ta da kyautatawa. Na biyun nan shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. Namijin da yake duka safe da yamma babu sassauci, ba a jimawa ake tsanarsa. Wanda ya fi wuyar bari shi ne wanda zai mare ta da la'asar, bayan isha'i ya shigo da tsire mai zafi a takarda, ya zauna bakin gado yana shafa mata man zafi da hannun da ya yi marin, idonsa ya kaɗa, yana rantsuwa cewa sharrin shaiɗan ne. A wannan daren tana samun mijin da ta aura, wanda ya yi ta sintiri a ƙofar gidansu lokacin zance. Kuma sauƙin da take ji bayan tsoro ya kau ba ƙarya ba ne, jikinta ne ya saki bayan ya yini a ɗaure. Matsalar ita ce mutum ɗaya ne ya kawo tsoron, shi ne kuma ya ɗauke shi.

Kafin su, a 1979, Lenore Walker a Amurka ta tattauna da matan da ake duka, ta lura abin yakan zagayo ne. Da farko gida ya ɗauki zafi, mace ta riƙa takatsantsan, tana sauraron yadda ya turo ƙofa don ta san da wace fuska ya dawo. Sai abin ya fashe. Sai lallashi da ban haƙuri, sai kuma a sake. Ba kowane gida ne ke bin wannan tsari daki-daki ba, kuma a gidaje da yawa lallashin yakan yi ta raguwa har ya ɓace, amma fatansa ba ya ɓacewa. Wani masani, B. F. Skinner, ya nuna dalili a gwajinsa da tantabaru: wadda aka saba ba ta tsaba duk sa'ad da ta caki maɓalli, da an daina sai ta haƙura da wuri, amma wadda ake ba jefi-jefi, ba ta san yaushe ba, ita ce ke ta caka ba ji ba gani. Haka ɗan caca yake, cin da ya yi sau ɗaya ne ke zaunar da shi har a tsiyata shi. Shi ya sa za ka ji matar tana cewa, "Wallahi idan yana cikin hankalinsa babu kamarsa."

Kafin a kai ga hannu, galibi an riga an yi aiki a kan zuciya. Ya raba ta da ƙawaye, ya riƙa bincika wayarta, zuwa gida ya koma sai an roƙa, 'yar sana'ar da take yi a tsakar gida ya ce tana zubar masa da mutunci. Ya yi ta nanata mata cewa bakinta ne ke ja mata, kuma wa zai kwashi bazawara da 'ya'ya huɗu? Maganar da aka ji shekara da shekaru daga baki ɗaya, babu wani bakin da zai ƙaryata ta, takan zauna. Akwai mazan da ke cikin irin wannan hali a hannun matansu, kunya ce ke rufe musu baki, sai dai mata sun fi yawa ƙwarai: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna kashi 27 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa aure ko tarayya da namiji sun fuskanci duka ko tursasawar jima'i daga abokin zamansu.

Mu kuma muna da namu hannun a ciki. Yaji hanya ce mai kyau da al'ada ta buɗe wa mace ta nuna an ƙure ta, amma dubi yadda biko yakan kasance. Miji ya zo da abokinsa ko kawunsa, ya durƙusa a zaure, ya ajiye goro da turmin atamfa. Uba ya ce, "Ki yi haƙuri, aure ibada ne." Uwa ta ja ta ɗaki ta ce, "Mu ma haka muka zauna." Babu wanda ya gindaya sharaɗi, babu wanda ya tambayi sau nawa aka yi. Abin da dangi suka yi a nan shi ne sun taya shi kammala zangon lallashin, sun kuma koya mata cewa gidan ubanta ba mafaka ba ne. Haƙuri da talaucin miji ko zafin ransa daban, haƙuri da karyewar haƙarƙari daban.

Mata da yawa ba su san cewa a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a ke bi a arewacin Najeriya, alƙali na iya raba aure idan cutarwa ta tabbata ba tare da ta mayar da sadaki ba, saɓanin hul'i. Tsoron rabuwa da 'ya'ya ma, wanda ya fi komai zaunar da mace, al'ada ce ta ƙara masa nauyi, domin a fiƙihun Malikiyya uwa ce kan gaba wajen riƙon yara bayan saki muddin ba ta auri bare ba. Ga kuma dokar tarayya ta 2015 da ta haramta cin zarafin mutane, wadda jihohi da dama suka ɗauka.

Wanda ke da 'yar'uwa a wannan hali ya sani cewa lokacin fita shi ne mafi hatsari, don a nan mai cuta ke ganin iko na kuɓuce masa. Kada a tura ta ta sanar da shi tana ita kaɗai a ɗaki. A tanadi inda za ta sauka, 'yan kuɗi a hannun amintacce, takardun asibiti da hotunan rauni don kotu. Idan ta fita ta koma, kada a ce "mun cire hannunmu", domin kalmar da yake jira ke nan. Bayan ta fita za ta yi kewarsa, wataƙila ta yi kuka tana son jin muryarsa, kuma a makonnin nan ne wayarsa za ta fi yawan shigowa, don haka a samu wanda zai riƙa kwana kusa da ita.