Gidan Makama: Ajin tarihin da ake shiga da ƙafa

Taku kaɗan ne tsakanin fadar Sarkin Kano da wani tsohon ginin ƙasa mai zankwaye da kaurin bango, wanda dubban mutane ke wucewa ta gabansa kullum ba tare da sun leƙa ba. Wannan shi ne Gidan Makama, gidan adana kayan tarihin Kano. Da yawa daga cikinku an taɓa kai ku can yawon buɗe ido daga makaranta. Amma a faɗi gaskiya, akasari abin da ake komawa gida da shi bai wuce hotuna a waya ba.

Gidan ya fi ƙarfin haka. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a 1463. Rumfa ɗin nan dai shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Bayan Turawa sun ci Kano sun yi amfani da gidan na wani lokaci a matsayin ofis. Daga baya aka raba shi uku: wani sashe ya zama makarantar firamare, wani ya ci gaba da zama gidan Makama, na ukun kuma ya zama gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, da ɗakunan nuni 11.

Kafin ku kalli komai a ciki, ku ɗaga kai

Babban kayan tarihin da ke Gidan Makama shi ne ginin kansa. Da kun shiga zaure ku ɗaga kai ku dubi rufin. Babu ƙarfe, babu siminti. Tubali ne da aka mulmula da hannu, sai azara da ake tsagawa daga giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba. Magina kan jera azarar su lanƙwasa ta, su lulluɓe da ƙasa, har ta zama bakan gizo mai ɗauke da nauyin soro. Kaurin bangon kuma shi ke sa ɗakin ya yi sanyi ko da ana tsakiyar bazara.

To yaya ginin ƙasa ke jure ruwan damina? Amsar tana cikin sana'o'in gari. Maginan Hausa na shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Rufi kuwa akan yi masa laso, wato haɗin katsin da ake kwasowa daga karofin marina, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan dafara. Kun ga ke nan marini da majemi da magini duk suna da hannu a rufi guda, abin da wannan ya zubar shi ne kayan aikin wancan.

Kada kuma ku ɗauka ƙasar da kuke taɓawa ita ce ainihin wadda maginan zamanin Rumfa suka kwaɓa. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Gidan ya kawo yau ne saboda kowane zamani an samu waɗanda suka gyara abin da damina ta zaizaye. In kuna son ganin abin da ke faruwa idan aka daina, ku dubi ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. A wurare da dama ta zama tudun ƙasa, wasu sun haƙe ta, wasu sun yi gini a kanta.

Ƙyaure da igwa

A bakin gidan akwai igwa biyu na zamanin Turawa, a ciki kuma akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni. Ku haɗa abubuwan nan biyu a zuciyarku, domin labari ɗaya suke bayarwa. A ranar 3 ga Fabrairun 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Molan ta shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, a lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Ganuwar da ta shekara ɗaruruwa tana tare mahaya dawaki masu sulke da lifidi ba ta iya hana masu igwa shiga ba. A littafi wannan jimla ɗaya ce da ake haddacewa saboda jarrabawa. Amma wanda ya tsaya gaban ƙyauren ya ga kaurinsa, ya fita ya dubi bakin igwar, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sauran ɗakunan suna bi da ku daga zamanin Barbushe da Dutsen Dala, zuwa Bagauda, zuwa jihadi da sarautar Fulani. Akwai ɗakin Yaƙin Basasa, wanda ya ɓarke a 1893 bayan rasuwar Sarki Bello, da aka naɗa ɗansa Tukur, su kuma Yusufawa suka ƙi yarda suka fice zuwa Takai. Ɗalibin da ya fito daga Takai zai tarar da sunan garinsu a tsakiyar labarin. Akwai kayan kiɗa, kayan noma da saƙa, da ɗakin da ke nuna tarihin karatun addini.

Inda aka fi cincirindo kuwa, musamman 'yan mata, shi ne ɗakin amarya. Nan za ku ga jere irin na da. Ga wata 'yar jarrabawa: a cikinku wa zai iya bambance taskira da adudu, ko akushi da ƙoshiya, ko ya faɗi amfanin maburgi? Idan kaya ya fita daga gida, sunansa ma bin sa yake yi. Shi ya sa gidan tarihi ke adana kalmomi tare da kaya, ko da ba a rubuta haka a bango ba.

Abin da ba za ku tarar a can ba

Duk da haka, Gidan Makama labarin birni da sarauta ya fi bayarwa. Haka abin yake a Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu, da na Katsina da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Babu gidan tarihin da zai iya ɗauke labarin kowane ƙauye da kowace unguwa. Yadda kakarku ta yi kaɗi da mazari, ko yadda kakanku ya yi fatauci da jakai zuwa Gwanja, wannan yana gidajenku, kuma shi ne ya fi saurin salwanta. Tsohuwar tasa ana sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Takardun ajami suna cikin buhu a ɗakin ajiya gara na ci. Idan tsohuwar da ta san labarin ta rasu, kayan ya koma tarkace.

Nan ne ɗalibin sakandare zai iya yin aikin da ma'aikacin gidan tarihi ba zai iya ba, domin shi ba zai shiga ɗakin kakarku ba. Ku nemi izini, ku ɗauki hoton kayan, ku rubuta sunansa da amfaninsa da mai shi da inda aka samo shi. In da hali ku naɗi muryar mai ba da labarin a waya. Ƙungiyar tarihi ta makaranta na iya tara waɗannan a kusurwar laburare, ta baje su ranar 18 ga Mayu, wadda ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya. Abin da aka tono daga ƙasa kuwa, kamar tsohuwar tukunya ko mutum-mutumi, ba na sayarwa ba ne. Doka ta hana cinikinsa da fitar da shi waje ba da izini ba, sai a sanar da gidan tarihi mafi kusa.

Wahalar da za ku fara cin karo da ita ita ce shekara, domin tsofaffi ba su cika ƙirga da lamba ba. Za a ce muku "zamanin Sarki Alhaji", wato Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953. Ko a ce "shekarar da Sarauniya ta zo", wato 1956. "Canjin hannu", lokacin da motoci suka koma bin dama, 1972 ne, "canjin kuɗi" daga fam da sule zuwa naira da kwabo kuma 1973. Ku rubuta yadda aka faɗa muku da bakin mai maganar, sannan ku sa shekarar a gefe.