'Yan Sa Kai Da Zakokin Hartum: Ceto Ya Yi Sauƙi, Ciyarwa Ta Gagara

A cikin watan Janairu na 1980 ko na 1990, da labarin zakoki biyar da yunwa ta rame a wani lambun shaƙatawa na Hartum bai wuce unguwar da abin ya faru ba. Amma a Janairun 2020 abin ya auku, lokacin da kowa ke riƙe da waya mai ɗaukar hoto, saboda haka cikin 'yan kwanaki duniya duka ta ga hotunan. Zakoki ne kwance cikin keji a lambun Alƙurashi, haƙarƙarinsu a waje, ƙuda na bin gyambunansu, wasu ko ɗaga kai ba sa iyawa. An ba da labari cewa waɗansunsu sun zubar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin jikinsu.

Ba mugunta ce ta kawo haka ba, talauci ne. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, tattalin arzikin Sudan bai sake miƙewa ba. Tsadar burodi ce ta fara fid da jama'a kan titi a Disambar 2018, har aka tumɓuke Shugaba Umar Albashir a Afrilun 2019. A wancan lokacin lambun Alƙurashi yana ƙarƙashin hukumar birni ne, ana kuma tallafa masa da gudummawar masu hali, to da aljihun hukuma da na masu halin suka bushe tare, sai ma'aikatan lambun suka koma sayen nama da kuɗin albashinsu in sun samu. Ran da ba su samu ba kuwa, zaki ya kwana da yunwa.

Wanda ya tsaya kan maganar shi ne Usman Salih, wani injiniyan kwamfuta mazaunin Hartum, wanda ba likitan dabbobi ba ne, ba kuma ma'aikacin gandun daji ba. Ya ɗauki hotunan ya sa a Facebook, ya yi kira ga duk mai iya taimako. Jama'a suka amsa. Masu nama suka kawo nama, likitocin dabbobi suka zo da magani da ruwan ƙarin jiki, samari da 'yan mata suka shiga wanke kejin. Duk da haka an makara ga waɗansu, gama zakanya ɗaya ta mutu cikin kwanakin farko. Dabbar da ta daɗe da yunwa ba a tula mata nama gaba ɗaya, don cikinta ba zai ɗauka ba. Sai kaɗan kaɗan, da haƙuri, kamar jinyar yaro mai tamowa. A ƙarshen watan ne ƙungiyar Four Paws mai hedkwata a ƙasar Ostiriya ta aiko da likitocinta ƙarƙashin Dokta Amir Khalil, ɗan asalin Masar. A cikin waɗanda suka rayu akwai zaki Mansur da zakanya Kandaka, wadda ta ci sunan sarauniyoyin Nuba na dā, sunan da aka riƙa kiran matan da suka yi zanga-zangar 2019 da shi.

Daga nan ne wahalar gaske ta soma. Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma su waɗannan bayin Allah ranar tafiyar suka san ma akwai gora. Zakin da ya tashi cikin keji ba ya iya farauta, in aka sake shi a gandun dajin Dindir, inda 'yan uwansa na daji suke, ko yunwa ta kashe shi ko ya faɗa wa dabbobin makiyaya su kashe shi. Watau wanda ya ceci irin wannan zaki ya ɗauki nauyinsa ke nan har mutuwa, alhali zaki a tsare yakan kai shekara 20 a duniya.

Saboda haka a 2021 Usman Salih da abokan aikinsa suka buɗe wurin kiwon dabbobin da aka ceto a Albaƙir, kudu da Hartum, da sunan Sudan Animal Rescue. Fili ne mai kimanin eka 10, aka kewaye shi, aka yi wa zakokin sarari inda za su taka ƙasa su kwanta a inuwa maimakon daɓen siminti. Da labari ya bazu, sai aka yi ta kawo musu waɗansu dabbobin daga ƙananan gidajen namun daji da hannun mutanen da suka ajiye su don alfarma suka kuma gaji. A 2022 zakokin sun kai 17. A farkon 2023 sun kai 25, ban da kuraye, da barewa, da birai, da raƙuma, da tsuntsaye.

Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Babban zaki yakan ci nama kilo 5 zuwa 7 kowace rana. In aka tara na zakoki 25, ko da akwai ƙanana a ciki, an doshi kilo 100 ko fiye a yini, kuma zaki bai san ranar hutu ba, bai san ƙarshen wata ya yi nisa ba. Ga kuɗin magani, ga man motar ɗauko naman, ga lantarkin ajiye shi cikin sanyi a ƙasar da zafi ke ruɓar da nama kafin la'asar. Wurin kuwa a wancan lokacin ba shi da kason gwamnati. Abin da ya dogara da shi biyu ne: gudummawar jama'a, da ɗan kuɗin shiga da masu zuwa kallo suka riƙa biya. A lokacin yawancin masu aikin ba a biyansu ko kwabo, kowa da sana'arsa, sai ya tashi aiki ya zo ya ɗauki tsintsiya da bokiti.

Ita gudummawa kuwa halinta ɗaya ne ko'ina. Ranar da hoton zaki mai haƙarƙari a waje ya fito, hannu yakan sake. Ranar da zakin ya murmure ya yi ƙiba, sai mai bayarwa ya ga aiki ya ƙare, alhali kuwa a ranar ne cinsa ya ƙaru. Bugu da ƙari, aiko da kuɗi daga waje zuwa Sudan ba abu ne mai sauƙi ba, domin ƙasar tana cikin jerin da Amurka ta yi na masu goyon bayan ta'addanci tun 1993, ba a cire ta ba sai Disambar 2020, bankunan duniya kuwa sun daɗe suna gudun hulɗa da ita. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, daga 55 a dala ɗaya zuwa wajen 375, hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin 100. Da soja suka yi juyin mulki ran 25 ga Oktoba 2021, ƙasashen waje suka dakatar da taimako, abin ya ƙara dagulewa. Kuɗin da ya sayi sa jiya, yau da ƙyar ya sayi tunkiya.

Akwai masu cewa ina dalilin ciyar da zaki a ƙasar da mutane ke layin burodi, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Sai dai zakokin nan ba su suka kai kansu keji ba. Mutum ne ya kama su ya kulle don nishaɗinsa, wanda ya ɗaure dabba kuwa ya hana ta neman abinci, haƙƙin cinta da shanta yana wuyansa. 'Yan sa kan Albaƙir bashin waɗansu suke biya.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Wurin yana kusa da wani sansanin soja, saboda haka ya faɗa tsakiyar wuta. Masu kallo suka ɗauke ƙafa, kuɗin shiga ya tsaya cak. Bankuna suka rufe, lantarki ya yanke, mai ya yi wuya, aka kuma sace motar da ake ɗaukar nama da ita. 'Yan ma'aikata kaɗan suka zauna tare da dabbobin wata da watanni, suna ciyar da su da abin da ya samu, harsashi na wucewa ta kansu. Dabbobi da dama suka mutu saboda yunwa da ciwo.

A Nuwambar 2023 Dokta Amir Khalil ya komo da mutanensa, bayan an nemi iznin ɓangarorin da ke faɗa. Aka yi wa dabbobin allurar barci, aka loda su a manyan motoci, aka fitar da kusan 50, cikinsu da zakoki 15, zuwa gandun Umm Barona a Wad Madani, babban birnin Jazira, yankin da Hausawa da yawa jikokin mahajjatan ƙasa suke zaune. A lokacin ana ganin Wad Madani tudun mun tsira ne, gama dubban mutanen Hartum can suka gudu. Ba a yi wata guda cur da 'yan kwanaki ba, a Disamba, dakarun RSF suka shiga birnin, mutane da dabbobi suka sake zama 'yan gudun hijira.

A farkon 2024 aka sake kwashe zakokin da suka rage, aka bi da su ta gabashin ƙasar, aka sa su a jirgin sama zuwa Jodan, inda aka sauke su a wurin kiwon namun daji na Alma'awa. A watan Fabrairu na shekarar aka wuce da 11 daga cikinsu zuwa Lionsrock, wani gandu na Four Paws kusa da garin Baitalami a lardin Free State na Afirka ta Kudu.