Makarantar Sakandaren St. Louis ta Kano: Tarihinta da Matsayinta a Ilimin 'Ya'ya Mata

Kamar yadda aka sani, kafin ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram na cikin tsohuwar Jihar Kano. Saboda haka tarihin ilimin zamani a wannan yanki namu ba ya rabuwa da na Kano. Ɗaya daga cikin makarantun da suka yi fice a wannan tarihi ita ce Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta St. Louis da ke unguwar Bompai, wadda mabiya ɗarikar Katolika suka kafa.

Asalinta

A zamanin mulkin mallaka, Turawan Ingila sun taƙaita ayyukan 'yan mishan a masarautun Musulmi, bisa alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 na cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba. Wannan ya sa makarantun mishan suka fi yawa a unguwannin baƙi irin su Sabon Gari. Makarantar boko ta gwamnati da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta maza ce, kuma sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata makaranta a Kano da Katsina.

A cikin wannan yanayi ne Sistocin St. Louis suka iso Kano daga ƙasar Ayalan a 1948, suka duƙufa ga koyarwa, aikin da ya haifar da makarantar sakandaren. Ƙungiyar tasu ta samo asali ne a garin Juilly na Faransa a 1842, a hannun wani limamin coci mai suna Louis Bautain, sannan ta kafu a Monaghan ta Ayalan a 1859. Sunan kuwa na Sarki Louis na Tara ne na Faransa, wanda ya rasu a 1270.

Tsarin karatu

Makarantar na bin manhajar ƙasa kamar sauran makarantu: shekara 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, tsarin da aka fara aiki da shi a 1982. Ana koyar da Turanci da lissafi da darussan kimiyya da na zamantakewa. A ƙarshe ɗalibai kan zauna jarrabawar WAEC ko ta NECO, wadda ta fara a 2000, sannan ta JAMB domin shiga jami'a. Wato dai ma'aunin da ake gwada ɗalibar St. Louis da shi, shi ne ake gwada takwararta ta makarantar gwamnati a Gwaram.

Abin da ya bambanta ta

A shekarun 1970 gwamnatoci sun karɓe makarantun mishan da dama, har aka sauya wa wasu suna. A Kaduna, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles kuma ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. St. Louis ta Kano kuwa ta ci gaba da amsa sunanta. Tana cikin yankin Dayosis na Katolika na Kano, wanda ya haɗa Jihohin Kano da Jigawa, kuma ya samu cikakken matsayi a 1999.

Babbar manufar ƙungiyar sistocin ita ce haɗin kan bil'adama. Har ila yau, an daɗe ana ganin 'ya'yan Musulmi da na Kirista suna karatu tare a makarantar. Ba ƙaramin abu ba ne uba ya miƙa amanar 'yarsa ga waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ke sa hakan shi ne ganin tarbiyya da sakamako mai kyau.

Darasi gare mu

Yankinmu na alfahari da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye fitattun mutane irin su Alhaji Aliko Ɗangote. Sai dai ilimin namiji kaɗai ba ya wadatar da al'umma. Asibitocinmu na buƙatar likitoci mata da ungozomomi, makarantunmu na buƙatar malamai mata, kuma duk wadda aka cire daga aji kafin ta kammala sakandare, an rasa ɗaya daga cikinsu. Tarihin St. Louis ya nuna cewa idan makaranta ta riƙe amana, iyaye za su kawo 'ya'yansu mata. Muna kira ga iyaye da malamai da shugabannin al'umma da su haɗa hannu wajen ganin kowace yarinya ta kammala karatunta.