Daga Hammadu Kafi Zuwa Kujerar Matuƙi: Abin Da Ke Gaban Yaron Da Ke Son Tuƙa Jirgin Sama

Duk shekara idan lokacin jigilar alhazai ya zo, mutanen Gombe sukan ga manyan jirage suna sauka suna tashi a filin jirgin sama na Lawanti, wanda aka gina a kan hanyar Bauci zamanin mulkin Gwamna Muhammadu Ɗanjuma Goje. A unguwanni irin su Hammadu Kafi, da zarar an ji ƙugi a sama sai yara su bar wasa su ɗaga kai har jirgin ya ɓace musu. Galibinsu sukan koma wasansu su manta. Amma ba a rasa guda wanda abin zai zauna masa a rai, ya girma da shi, har ranar da zai gama sakandare ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce shi fa matuƙin jirgin sama yake so ya zama.

Daga ran nan magana ta bar hannun yaro ta zama ta gida duka. A gidan da dukiyarsa ba ta wuce fili ɗaya da gona da 'yan shanu a ƙauye ba, amsar da uba zai bayar tana iya zama sanadin buɗin gidan, tana kuma iya zama sanadin karyewarsa. Saboda haka ya kamata uba da ɗa su san tsawon hanyar tun ba su ɗaura sirdi ba.

Jirgin sama ba baƙo ba ne a Arewa. Tun ran 1 ga Nuwamba, 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma su ne jirage na farko da suka sauka a birnin. Bayan samun mulkin kai, a 1964, gwamnati ta kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar duniya mai kula da zirga-zirgar jiragen farar hula, wato ICAO. Makarantar tana nan har yau a Palladan, ana kiranta Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya. A can Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a ƙasar nan da ta zama matuƙiyar jirgin haya, ta yi karatu, har daga baya a 2011 ta zama shugabar kwalejin.

Dattawan da suka ga zamanin kamfanin Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai, su ne suka san abin da ake nufi da ɗaukar ɗalibin matuƙi. Kamfanin, wanda aka kafa a 1958, yakan zaɓi samari ya tura su horo a kan kuɗinsa, in sun gama kuwa ga jirgi yana jiransu. Ɗan malamin makaranta da ɗan manomi suna iya shiga in dai ƙwaƙwalwa da lafiya sun yarda. Wato kamfani shi ke ɗaukar asarar in abin bai yiwu ba. To, kamfanin ya durƙushe, ya daina tashi a 2003, ya kuma tafi da wannan tsani. Kamfanoni masu zaman kansu da suka biyo baya, irin su Max Air da Azman a nan Arewa, 'yan kasuwa ne, ɗan kasuwa kuwa ya fi son ya ɗauki wanda ya riga ya ƙware. Yau yawancin masu koyon tuƙi ko dai iyayensu ke biya, ko gwamnatin jiharsu, ko wani mai hali da ya ɗauki nauyinsu.

A ce dai yaron Hammadu Kafi ya ga sanarwa, ko ta kwalejin Zariya, ko ta kwalejin Ilori da gwamnatin Jihar Kwara ta kafa, ko ta wani shiri na tallafi. Abu na farko da za a duba shi ne takardar sakandare, ana son kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks. Nan ake zubar da mutane da yawa tun ba a je ko'ina ba, domin yaron da ya gudu daga ajin kimiyya tun yana aji huɗu ya rufe wa kansa ƙofa bai sani ba. Sa'an nan a yi jarrabawar rubutu da ta baka. Ba zurfin lissafi ake nema ba kamar saurinsa: jirgi yana tafiyar kaza a sa'a, mai ya rage kaza, minti nawa za a yi kafin ya ƙare? A wasu wurare kuma akan zaunar da mutum gaban kwamfuta a ga ko hannunsa da ƙafarsa da idonsa suna aiki tare, ko kuwa in an haɗa masa abu uku a lokaci guda sai ya rikice.

Batun Turanci kuwa ba na burga ba ne. Da shi matuƙi ke magana da ma'aikatan hasumiya a ko'ina cikin duniya, kuma tun 2008 ƙa'idar ICAO ta tilasta wa mai tuƙi tsakanin ƙasashe ya kai mataki na 4 cikin matakai 6 na iya harshen. Abin da ake aunawa shi ne ji da faɗa, cikin hayaniyar rediyo, ba iya rubuta insha'i ba.

Amma gwajin da ya fi raba samari da burinsu shi ne na likita. Ba kowane likita ke yinsa ba, sai wanda hukumar kula da jiragen farar hula ta Nijeriya, NCAA, ta amince da shi. Zai duba zuciya, da hawan jini, da kunne, da fitsari, da ido. Mutane da yawa sun ɗauka wai mai sa tabarau ba ya tuƙa jirgi, alhali kuwa yana tuƙawa, muddin tabaran ya gyara ganinsa yadda ake so. Abin da ba shi da magani shi ne rashin bambance launi. Akan buɗe wa mutum wani ɗan littafi mai ɗigo-ɗigo kala-kala a ce ya karanta lambar da ke ɓoye a ciki. Akwai saurayin da zai kai shekara 18 lafiya lau, yana cin jarrabawa, bai taɓa sanin ja da kore suna rikice masa ba sai ranar nan. Dalilin tsananin a fili yake: fitilar fiffiken hagu na jirgi ja ce, ta dama koriya, da su matuƙi ke gane inda wani jirgi ya dosa cikin dare, fitilun da ke nuna masa ko ya yi sama da yawa ko ƙasa da yawa wajen sauka kuma ja da fari ne. Mai farfaɗiya shi ma ba ya wucewa. Kuɗin wannan gwaji ba a bakin komai yake ba in an gwada shi da kuɗin makaranta, don haka mai hankali da shi yake farawa, tun kafin a kira dillalin fili.

In an tsallake duk wannan, sai karatu. Wanda ya zaci yana isa Zariya za a miƙa masa jirgi, zai sha mamaki, gama watannin farko a aji ake yinsu. Ana koyon dokokin sama, da ilmin yanayi, da gane hanya da taswira, da yadda inji ke aiki, da dalilin da ya sa ƙarfe mai nauyi ke tsayawa a iska. Kowane fanni da jarrabawarsa. Daga nan ne ɗalibi zai hau ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, malami na gefensa, su yi ta tashi suna kewaya fili suna sauka, har hannu ya faɗa. Rannan kawai sai malami ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce masa ya je ya kewayo shi kaɗai. Matuƙa sukan ce ko sun tsufa ba su manta wannan 'yan mintoci ba. A makarantu da yawa abokai sukan tarye shi da bokitin ruwa su sheƙa masa in ya sauka.

Ana ƙidaya ci gaban matuƙi da sa'o'in da ya yi a sama, kowace kuwa sai an rubuta ta a littafinsa. Lasin na farko, na tuƙa ƙaramin jirgi ba don a biya mutum ba, yana bukatar sa'a 40 da shekara 17 da haihuwa. Lasin tuƙin haya yana bukatar sa'a 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, da shekara 18. A tsakani sai an koyi tuƙi da na'urori kaɗai, kamar ana cikin gajimare ba a ganin ƙasa, da tuƙa jirgi mai inji biyu. A takarda ana iya gama wannan cikin kamar shekara biyu. Amma fa sama ba ta bin takarda. In hunturu ya kankama hazo ya rufe Zariya, sabon ɗalibi ba ya tashi, tun da shi da ido yake gane hanya. In damina ta yi ƙarfi, hadari ya hana. In jirgi ya tsaya jiran kayan gyara daga waje, ko man ƙananan jirage ya yi wuya, sai a zauna. Kowane wata da aka ƙara kuwa, abinci ne da sabulu da kuɗin mota daga aljihun uban da ke Gombe. Kuɗin karatun kansa miliyoyin naira ne masu yawa, kuma da yake jirgi da kayansa da dala ake sayensu, duk faɗuwar da naira ta yi sai ta bayyana a takardar biyan kuɗi.

Yanzu a ce yaro ya gama, ya dawo Hammadu Kafi da farar riga da igiyoyi a kafaɗa, an yi walima, 'yan unguwa sun fara ce masa Kyaftin. A nan ne fa wahalar da ba a cika faɗa wa iyaye ba take farawa. Lasin da ke hannunsa bai ba shi ikon zama a gaban Boeing 737 ba. Kowane babban jirgi da nasa horo na musamman, ana yinsa 'yan makonni cikin na'urar da ke kwaikwayon jirgin, sau da yawa a ƙasar waje, a kuma biya da kuɗin waje. In ya samo wannan, sai kamfani ya tambaye shi sa'o'i nawa ya yi a kan irin jirgin. Ba a ba shi aiki sai yana da sa'o'i, ba ya samun sa'o'i sai an ba shi aiki. Kyaftin na gaske kuwa, mai babban lasi, sai ya tara sa'a 1,500, yana da shekara 21 ko fiye.

Kano ta ga wannan da idonta. A 2013 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgin sama, aka kuma sami 'ya'yan talakawa a ciki. Sun yi karatu sun dawo da lasinsu. Wasu sun dace, suna tuƙi. Amma da yawa sun shafe shekaru suna jira, saboda rashin wannan horo na biyu da ƙarancin gurabe a kamfanoni, har wasu suka kama wasu sana'o'in. Ba laifin yaran ba ne, shirin kuma ba abin rainawa ba ne, sai dai ya nuna cewa gwamnatin da za ta yi irinsa, ko ta Gombe ko ta wata jiha, ya kamata ta sa kuɗin horo na biyu cikin lissafi, ta kuma zauna da kamfanonin jirage tun yaran ba su tafi ba. Matasa 10 da aka kai har kujerar aiki sun fi amfani ga jiha bisa 50 da aka bari a rabin hanya.

A ƙasashen waje har yanzu akwai kamfanonin da ke yin irin abin da Nigeria Airways ya yi. A 2023 British Airways ya buɗe shirin da yake biya wa ɗalibai kuɗin horo, wanda ya kai kusan fam 100,000 a kan mutum guda. Samarinmu sukan ga irin wannan a intanet ransu ya biya. Sai dai sharaɗin yana nan a ƙasan sanarwa: sai wanda ke da izinin zama da aiki a Ingila. Yawancin irin waɗannan shirye-shirye na 'yan ƙasa ne. Wannan ƙishirwa ce 'yan damfara ke amfani da ita, su ɗora tambarin wani babban kamfani a Facebook ko WhatsApp, su ce a turo kuɗin fom cikin asusun wani mutum kafin Juma'a. Sanarwar gaskiya tana fitowa a shafin kamfanin ko na makarantar, kuma ba a biya ta asusun mutum.

Ko shirin na gaskiya ne, akwai takardar yarjejeniya, ita ma sai an karanta ta da natsuwa, in da hali a kai wa lauya. Kamfanin da ya biya wa ɗalibi yakan ɗaure shi ya yi masa aiki shekaru kaza, ko ya riƙa cire kuɗin daga albashinsa. Uba ya tambaya a fili: in yaro ya faɗi jarrabawa a tsakiya, ko likita ya dakatar da shi, wa zai biya abin da aka kashe? Horon babban jirgi yana ciki ko ba ya ciki? An yi alkawarin aiki ne a rubuce, ko kuwa alkawarin za a duba shi in gurbi ya samu? In kuma makarantar a waje take, to sai an dawo an mai da lasin na Nijeriya a hukumar NCAA, da jarrabawarsa da kuɗinsa.

Yana da kyau kuma a tuna cewa kwalejin Zariya ba matuƙa kaɗai take yayewa ba. Tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu ba jirage umarni daga hasumiya, da masu tsara tafiyar jirgi tun yana ƙasa, da ma'aikatan cikin jirgi. Kuɗin waɗannan bai kai na tuƙi ba, filin Lawanti kuwa ba ya aiki sai da irinsu.

Shi kuwa wanda ya riga ya karɓi lasi yana zaman jira, zamansa ma ba kyauta ba ne. Takardar likita tana ƙarewa duk shekara, sai ya koma an sake duba shi. Izinin tuƙi da na'urori shi ma yana da wa'adi, in ya wuce sai ya nemi kuɗi ya hau jirgi ko na'urar kwaikwayo a sake gwada shi, don kada ranar da kamfani ya kira a tarar takardunsa sun mutu.