Kumburin Muƙamuƙi Lokacin Cin Abinci: Sankara Ce?

Mu fatake mun saba rage shan ruwa a mota, gudun kada fitsari ya matsa mana tsakanin Kano da Kumasi. To, ƙarancin ruwa kan sa yawu ya yi kauri, har tsakuwa ta toshe hanyarsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Shi ya sa wurin ke kumbura da an fara cin abinci, can anjima ya sace. Na ga abokan kasuwa sun tsorata, wai sankara ce. Galibi ba ita ba ce. Amma fa in ƙullutu ya yi tauri, yana girma, ko gefen fuska ya saki, a bar jiƙe-jiƙe, a garzaya asibiti a yi hoto. Ruwa kuwa, ɗan'uwa, sha abinka.