ICCEN ƘOTA: INA MAFARAUCI DA MANOMI ZA SU SAME SHI?



Yau zancenmu a kan iccen ƙota yake. Ƙotar hauya, ƙotar gatari, da ƙotar bindigar farauta, wadda wasu ke kira gindin bindiga. Mafarauta da masassaƙa na ƙasar Dogo suna yawan tambaya. Suna cewa icce mai ƙwari ya yi wuya a daji, katakon waje kuma ya yi tsada. Wasu sun ji labarin wani katako mai hawa-hawa da ake yi wa bindiga ƙota da shi a ƙasashen Turai. Suna so su san ko za a same shi a nan. Ga amsa, daki-daki.

Da fari, maganar doka

Ku lura da kyau. A ƙasarmu ba a riƙe bindiga sai da takardar izini daga hukuma, ko da adaka ce ta gado. Ƙera bindiga ba da izini ba laifi ne. Farauta ma sai da tata takarda daga malaman daji. Manyanmu suna tune da cewa an hana farauta a Nijar daga 1974 har 1996. Dokar 29 ga Afrilu 1998 ita ta tsara yadda ake farauta da yadda ake kare namun daji.

Saboda haka wannan bayani na wanda ke da takardarsa ne, kuma ƙotar bindigarsa ta tsage ko gara ta ci ta. Zancen icce kawai za mu yi. Abin da za mu faɗa yana da amfani ga kowace irin ƙota, har da karkiyar shanu da katakon amalanke.

Me ya sa icce ya yi wuya?

Sana'ar bindiga tsohuwa ce a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana sayo bindigogi ta hanyar Sahara, maƙeran Zinder kuma suna ƙera igwa. A wancan lokaci daji cike yake, masassaƙi ba ya nisa sai ya sami abin da yake so. Duk da haka sarakunan ba su bar icce sakaka ba. Har yau ana ba da labarin irin horo mai tsanani da ake yi wa wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram.

Daga baya mutane suka yi yawa, gonaki suka ci daji. Farin 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa masu ɗimbin yawa. Kirya da maɗaci da kanya, waɗanda suka fi ƙwari, su ne suka fi raguwa, domin suna daɗewa kafin su girma.

Dokar daji ta 4 ga Maris 1974 ta ware itatuwa 15 ta ce ba a sare su sai da izini. A cikinsu akwai gawo, kuka, tsamiya, giginya, goriba, maɗaci, madobiya da aduwa. Dokar 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbinta, amma sarar iccen da aka kare ba da takarda ba tana nan a matsayin laifi. Wanda aka kama zai biya tara, a kuma karɓe iccen. Ƙota guda ba ta kai wannan hasara ba.

To, katakon waje fa?

Ƙasarmu ba ta da kurmi. Katakon da kuke gani a kasuwannin Zinder daga ƙasashen kudu yake fitowa. Mai yawa yana biyowa ta Kano, inda akwai babbar kasuwar ƴan katako ta Na'ibawa, sannan ya shigo ta Magarya ko ta Matamaye. Abu uku ke tare masa hanya.

Na ɗaya, Najeriya ta sa katako, gungume ko yankakke, cikin jerin kayan da ta hana fitarwa waje, don ta tsare kurminta.

Na biyu, rufe iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 kuma ƙungiyar Cedeao ta sa takunkumi, aka sake rufewa. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe iyaka a Maris. Duk lokacin da hanya ta toshe, kaya sai su yi ƙaranci, kuɗinsu ya hau.

Na uku, dokar duniya. Madobiya icce ne mai kyau ƙwarai. ƴan kasuwa sun yi ta sarar ta a Afirka ta Yamma suna kai wa ƙasar Sin, har ta kusa ƙarewa a wurare da dama. A 2017 aka sa ta cikin yarjejeniyar Cites, wadda ke tsare dabbobi da itatuwan da ake tsoron ɓacewarsu. A 2022 aka tsananta hanin cinikinta tsakanin ƙasashe.

Wani zai ce, ai akwai ɓarauniyar hanya. Akwai, amma in ƴan duwan suka kama kayan, sun tafi ke nan. Kuma wanda ya sayi katako a ɓoye, in ya tarar rubabbe ne, wa zai kai wa ƙara? Ku sayi katako wurin ɗan kasuwa sananne mai rumfa, wanda ya biya duwan.

Mene ne katako mai hawa-hawa?

Ba wani irin icce ba ne na dabam. Dabara ce. Ana yanka icce falle-falle, a shafa gam, a jera, a matse su su zama gungume guda. Daga nan sai a sassaƙa.

Rashi ne ya yaɗa wannan dabara. Turawa sun saba yin ƙotar bindiga da wani icce nasu da Faransawa ke kira nuwaye. Dab da yaƙin duniya na biyu, wanda aka fara a 1939, iccen ya kasa Jamusawa. Sai suka koma manna fallayen wani icce mai araha. Rashawa ma suka bi sahu daga baya. Aka ga ƙotar ta ɗan fi nauyi, amma ba ta karkacewa, kuma ba ta saurin tsagewa.

Ga dalili. Icce yana shan laima ya kumbura da damana, ya bushe ya tsuke da rani. Gungume guda yakan karkata gefe ɗaya. In fallaye ne da yawa, wannan na ja nan, wancan na ja can, sai su riƙe juna. In kuma akwai ido ko tsaga a falle ɗaya, na kusa da shi zai tare ta. Tsinke ɗaya ba ya shara, sai an ɗaure tsintsiya.

Irin wanda masana'antun Turai da Amurka ke yi musamman don bindiga, ba kayan kasuwarmu ba ne. Kada ku ɓata kuɗin mota wajen nemansa.

Kada ku rikita shi da katakon silin

Akwai wani falalen katako da kafintoci ke yin silin da kabad da shi. Shi ma hawa-hawa ne, 3 ko 5 ko 7. Amma bai dace da ƙota ba. An gitta fallayensa ne, jijiyar wannan a tsaye, ta wancan a kwance. Ke nan kusan rabin fallayen ba su ɗaukar nauyi ta tsawo. Kuma gam ɗin mafi yawansa na cikin ɗaki ne. Ruwa na taɓa shi sai ya ɓare. Ƙotar da ta karye a hannu lokacin harbi tana iya raunata fuska ko ido. Araha ba ta ado.

Itatuwanmu na gida

Bedi, wato dogon yaro. Shi ne na farko da muke ba ku shawara. Dangin maɗaci ne. Cikinsa ja ne, ƙwari ba su cika cin sa ba, yana da saurin girma, kuma in an sare shi sama yana sake tohowa. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, tun 1975 aka dasa shi jeri-jeri don kare iska, daga baya mutanen wurin suka riƙa samun icce daga gare shi.

Magarya. Iccenta yana da ƙwari da danƙo, tana kuma tohowa a gonakinmu da kanta.

Kanya da aduwa. Dukansu suna yin ƙota mai kyau. Aduwa tana cikin waɗanda aka kare. Ku nemi izini, ku ɗauki reshe, ku bar uwar.

Kirya. Ba ta da na biyu wajen ƙwari, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita. Amma ta yi nauyi ga ƙotar bindiga, kuma ta yi ƙaranci. A bar ta ta hayayyafa.

Gawo da ɗanya. Iccensu yana da laushi, ƙwari na son sa. Gawo ya fi amfani a tsaye, yana ba gona taki, yana ba bisashe abinci.

Turare. Yana miƙewa sosai, amma yana tsagewa da murɗewa wajen bushewa. Ya fi kyau ga rufin ɗaki.

Kada ku manta da tsohon katako. Tsohuwar ƙofa, ƙafar gado, ko guntayen da suka rage a rumfar kafinta. Sun riga sun bushe shekara da shekaru. Dabarar hawa-hawa a nan take da daɗi, domin ƙananan guntaye ma suna shiga aiki.

Yadda ake shirya iccen

1. A sare reshe da rani, bayan an sami izini inda ake bukata. A zaɓi miƙaƙƙe marar ido.

2. A shafe bakinsa biyu da kakin zuma ko fenti. Ta baki ruwa ke saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa.

3. A kai wa kafinta ya yanka falle-falle, kaurin kowane kamar santimita 1.

4. A jera su cikin inuwa, nesa da ƙasa saboda gara. A sa ƴan tsinkaye tsakaninsu don iska ta ratsa. A ɗora dutse a sama. Kada a shanya a rana.

5. A riƙa auna falle ɗaya a sikeli kowane mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe. Wannan yana cin watanni. Ɗanyen icce ba ya riƙe gam.

6. A goge fuskokin su yi sumul, su haɗu ba rata. A jera su, jijiyar duka tana bin tsawo. A juya wannan falle, a bar wancan, don karkatarsu ta saɓa.

7. A shafa gam ko'ina. Ƙaro ba ya yi, domin yana narkewa a ruwa. Farin gam na kafinta yana riƙewa, amma yana tsoron laima. Gam mai kwalba biyu da ake haɗawa, irin su Araldite, shi ya fi jure ruwa.

8. A matse. In babu abin matsewa na kafinta, a naɗe tam da robar cikin taya. A bar shi kwana ɗaya cur, in an ƙara ya fi.

9. Bayan sassaƙa, a shafe shi da kakin zuma ko fenti mai ƙyalli. Kada a shafa baƙin man mota. Yana shiga cikin icce ya sa shi laushi.

Ɗaura ƙota a jikin bindiga kuwa aikin gwani ne, kuma sai an zazzage ta tsaf, ba albarushi ba harsashi. A nisantar da yara daga wurin.

Iccen gobe yana gonarku

Dabarar hawa-hawa tana rage ɓarna, amma ba ta haifar da icce. Tun wajen 1984 manoman Maraɗi da Zinder suka ɗauki al'adar sassabe na zamani. Ba su tumɓuke kututture. Suna barin toho 2 ko 3 masu ƙarfi, su datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta kusan miliyan 5. Gundumomin Mirya, Magarya da Matamaye suna sahun gaba, Dogo kuma tana cikin Mirya. A Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta amince cewa manomin da ya reni icce a gonarsa yana da haƙƙi a kansa.

To, ƴan uwa, bana wajen sassabe kowa ya bar tohon magarya da aduwa da kanya. Kowa ya dasa bedi a bakin gida ko a iyakar gona, ya kare shi daga awaki. Masu garka a kwarin Korama su kewaye garkarsu da shi. Cikin ƴan shekaru za ku yanki ƙota a gonarku.

Wanda ke son sarar reshe, ya fara zuwa wurin malamin daji. Wanda ke son dashe ko ƙarin bayani, ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Amin.

Malamin gona, Dogo