Ganyen dabino da gicciye: Abin da mai kallo zai gani a makon Ista na 'yan Katolika a Katsina

Idan aka ce jerin gwano a birnin Katsina, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne Hawan Sallah: dawakai sun sha ado, kakaki da algaita na tashi, hakimai na bin juna zuwa Ƙofar Soro domin gaida Sarki.

Amma akwai wani jerin gwanon da ake yi duk shekara a tsakiyar bazara, babu doki ko ɗaya a cikinsa. Katsinawa da yawa ba su taɓa tsayawa sun kalle shi ba, duk da cewa a garinsu ake yin sa. Shi ne na mabiya ɗariƙar Katolika a makon da ke gabanin Ista, wanda suke kira Mako Mai Tsarki.

Su wane ne masu yin sa?

A ranar 16 ga Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya cire Katsina daga dayosis ɗin Sokoto, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta, ya mayar da ita dayosis mai cin gashin kanta. Ya naɗa Gerald Mamman Musa a matsayin bishop na farko, kuma shi ake ambata a matsayin Bahaushe na farko da ya kai wannan muƙami a cocin Katolika. Babbar majami'arsa ita ce ta St. Martin de Porres da ke cikin birnin.

Wanda ya leƙa taron zai ga 'yan kasuwa 'yan kudu, ma'aikata, ɗalibai da masu bautar ƙasa. Zai kuma ji Hausa ziryan, domin akwai Kiristoci Hausawa 'yan asalin jihar, musamman daga yankin Malumfashi da Ƙafur, waɗanda da yawansu kakanninsu Maguzawa ne. Wannan ya sa kalmar "baƙo" ke juyawa a nan: sau da yawa mai riƙe da ganyen ɗan ƙasa ne, mai kallon kuma maƙwabcinsa ne da al'adar ta zame wa baƙuwa.

Me ya sa ranar ke canzawa?

Wata ne ke tsayar da ranar Ista. Ana yin ta ranar Lahadi ta farko bayan cikar watan da ta faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, saboda haka takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Turai lokacin ne sanyi ke wucewa, itatuwa su yi toho. A Katsina kuwa lokacin ne rana ta fi ƙuna, zafi na haura digiri 40 a wasu ranakun.

Kafin nan sukan yi azumin kwana 40. A 2024, Mako Mai Tsarki na farko da sabon dayosis ɗin ya yi ya faɗo ne a cikin Ramadan: Lahadin ganye 24 ga Maris, Juma'ar gicciye 29 ga wata, Ista kuma 31.

Lahadin ganyen dabino

Makon na farawa ne a wajen majami'a. Jama'a kan taru a wani fili, kowa da ganyen dabino ko na kwakwa a hannu. Limamin coci, sanye da jan alkyabba, sai ya yi addu'a ya yayyafa wa ganyen ruwa, a karanta labarin shigar Yesu birnin Ƙudus a kan jaki. Daga nan sai a tafi a jere ana waƙa har cikin coci.

Ba a yar da ganyen. Wasu kan saƙa shi ya zama ɗan gicciye su rataye a ɗaki. Wanda ya bushe ake ƙonawa a samu tokar da ake shafa wa goshi a ranar Larabar fara azumin baɗi.

Juma'ar jimami

Wannan ce ranar da ta fi ɗaukar hankalin mai wucewa, kuma ranar hutu ce a duk faɗin Najeriya. Ana bin abin da suke kira Hanyar Gicciye, mai zango 14. A kowane zango sai a tsaya, a yi karatu, a durƙusa, a ci gaba.

A majami'u da dama na ƙasar nan matasa kan mayar da shi wasan kwaikwayo: wani ya saɓa gicciyen katako, wasu su yi shigar sojojin Rum suna tsare da shi. Wanda bai san zancen ba zai iya zaton duka ake yi na gaske, ko rikici ne ya ɓarke. Tun daren Alhamis ake daina kaɗa ƙararrawa, ba za a sake jin ta ba sai daren Asabar, lokacin da ake hura wuta a ƙofar coci a kunna babban kyandir.

A garuruwan Arewa da yawa tafiyar ba ta da nisa. Saboda yanayin tsaro akan taƙaita ta a harabar coci ko titin da ke kusa, tare da jami'an tsaro a bakin ƙofa.

Yadda ake yi a tsohuwar Andalus

Inda al'adar ta fi ƙasaita shi ne birnin Sebiliya na ƙasar Sifaniya, wanda malamai suka sani da Ishbiliya a littattafan tarihi. A can ƙungiyoyin 'yan uwantaka kimanin 60 ne ke fita a cikin makon, kowacce daga unguwarta zuwa babbar majami'a, bisa tsarin da aka kafa tun 1604.

Kowace ƙungiya na fitowa da manyan dandamali masu ɗauke da mutum-mutumi, nauyin wasu ya haura tan guda. Ƙarti 30 zuwa 50 ne ke shiga ƙarƙashi su ɗauka a wuyansu, ba sa ganin gabansu, muryar jagora kawai suke bi. Gaba da baya kuma masu neman gafara ne, sanye da dogayen riguna da huluna masu tsini da ke rufe fuska. Wasu ƙungiyoyin sukan kwashe fiye da sa'o'i 12 a kan titi.

Dukkansu a gindin hasumiyar Giralda suke wucewa, wadda asalinta hasumiyar masallaci ce da daular Muwahhidun ta kammala a 1198. Bakatsinen da ya tashi yana ganin Gobarau ba zai rasa gane ta ba.

Ladabin mai kallo

Wanda ya saba da Hawan Sallah ya riga ya san rabin ƙa'idar: ba a ratsa tsakiyar ayari, ba a tare hanya, kowa kuma da gurbinsa. Bambancin shi ne hawa na zuwa ne bayan an idar da sallah, don haka ihu da shewa adonsa ne. Wannan tafiyar kuwa ita kanta ibada ce a wurin masu yin ta, musamman ta Juma'a, wadda shiru ya fi yawa a cikinta.

Saɓanin aƙida a fili yake. Musulmi sun yi imani cewa ba a kashe Annabi Isa (AS) ba kuma ba a gicciye shi ba, kamar yadda aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, alhali gicciyen shi ne tushen imanin Kirista. Babu wanda ke neman mai kallo ya durƙusa ko ya amsa addu'a. Tsayawa a gefe cikin natsuwa ya wadatar.

Wuri mafi haɗari a yau shi ne waya. Bidiyon daƙiƙa 20 na matashi ɗauke da gicciye, in aka saka shi a Facebook ko WhatsApp da bayanin ƙarya, zai iya tayar da hankalin mutanen da ba su ma san inda aka ɗauke shi ba. Mai son ɗaukar hoto ya nemi izini, wanda aka turo wa kuma ya bincika kafin ya tura gaba.

Ɗan a-daidaita-sahu ko mai mota da ya ci karo da ayarin, jira na ɗan lokaci kawai ake buƙata daga gare shi. Ranar idi ma haka maƙwabtansa Kiristoci ke jira idan sahu ya cika titi.